Tsuntsu daga sama gasasshe? Abin yi idan kuɗin da ba naka ba suka faɗo asusunka

Bayan sallar isha'i ƙanina ya yi sallama a gidana da ke Tudun Wada, waya a hannu, ko zama bai yi ba ya miƙo min ita. "Yaya, dubi abin da ya shigo." Alat ne na naira 480,000, da sunan wata mata da bai taɓa ji ba. Shi kuwa ɗan tireda ne a kasuwar Sabon Gari, cinikinsa na wuni bai kai ko kusa da haka ba. Kafin ya iso wurina har abokai biyu sun ba shi shawara. Ɗaya ya ce rabo ne, ya je wurin mai POS ya kwashe tun dare bai yi nisa ba. Ɗayan ya ce a'a, ya jira mai kuɗin ya kira, da ya ba shi lambar asusu ya tura masa ya huta. Na ce masa ya zauna, domin kowace daga cikin shawarwarin nan tana iya kai shi caji ofis.

Irin wannan ya yawaita a Zariya, kuma da dalili. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ciniki ya koma waya. Mai shayi a Kwangila, mai kayan miya a Tudun Wada, ɗalibi a Samaru, kowa tura kuɗi yake yi. Lambar asusu tana da alƙaluma 10, kuma a manhajoji irin su OPay da PalmPay lambar wayar mutum ce ake cire wa sifirin farko ta zama lambar asusunsa. In yatsa ya zame ya danna 6 a maimakon 9, kuɗi sun tafi wurin wani bawan Allah. Wani lambar daidai ya rubuta, sunan bankin ne ya zaɓa ba daidai ba. Wani lokaci bankin ne da kansa ya yi kuskuren, ma'aikaci ya shigar da kuɗi sau biyu ko na'ura ta maimaita. Akwai kuma kuɗin da ba kuskure ne ya kawo su ba sam, da gangan aka turo, kuma za mu zo kansu.

Tambayar da mutane suka fi yi ita ce: in kai maganar banki ne, ko in yi shiru in ga abin da zai biyo baya? Wasu tsoron a kulle masu asusu suke yi, wasu layin banki suke gudu. Amsata ɗaya ce. Ka yi magana, ga bankinka, a rubuce, tun a ranar. Kuɗin kuma su koma ta hanyar da suka zo, banki ne zai mayar da su.

Da farko, ka tabbatar kuɗin sun shiga

Saƙon waya ba kuɗi ba ne. Akwai masu ƙirƙirar alat na bogi, ya zo da sunan bankinka har ka rantse daga can ya fito. Buɗe manhajar banki, ko ka danna lambar da ka saba duba balans da ita, ko ka je na'urar ATM. In balans bai ƙaru ba, babu abin da ya shigo, kuma duk wanda ya kira yana roƙon a mayar masa, aljihunka yake hari.

In sun shiga da gaske, ka natsu ka yi tunani kafin ka yanke cewa kuskure ne. Ko kuɗinka ne da suka maƙale a POS makonnin baya yanzu suka dawo? Ko ariyas ne na albashi ko fansho? Ko kwasar adashi ce ta zo kanka? Sau da yawa ɗan'uwa da ke Legas ko Abuja yakan ba mai POS tsabar kuɗi ya ce a tura gida, sai sunan mai POS ɗin ya fito a alat. Abokin cinikin da kake bi bashi ma yana iya biya ta asusun matarsa ko yaron shagonsa. Tambayi mutanen gida, ka duba littafin bashi.

Amma a wannan binciken ka riƙe bakinka. Kada ka ɗauki hoton alat ka saka a guruf ɗin WhatsApp kana cigiya. Abu uku za ka ɓoye: ainihin adadin, lokacin da suka shigo, da sunan wanda ya turo. Wannan tsohuwar ƙa'idar tsintuwa ce. Da aka tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da abin da aka tsinta, ya ce mutum ya san jakar da abin ɗaurinta sannan ya yi cigiya shekara guda. Mai abu shi ke faɗin kamannin abinsa, ba mai tsintuwa ke karanta masa ba.

Na biyu, kada ka taɓa ko kwabo

Nan ne yawancin mutane ke zamewa, kuma ba duka ne mugaye ba. Mutum yana cikin matsi, kuɗin haya ya taso, ga kuɗin makarantar yara, sai zuciya ta ce ɗauki dubu hamsin ka toshe wannan ƙofar, kafin a neme su ka cika. Ranar da za a neme su ba ta yin sallama, kuma galibi takan zo lokacin da babu abin cikawa.

In akwai kuɗinka a cikin asusun tun da farko, kana da ikon kashe naka. Sharaɗin shi ne balans kada ya sauka ƙasa da abin da ya shigo. In kana da 35,000 aka turo 480,000, to 35,000 ɗin ne naka, sauran ka ɗauka kamar ba sa nan. Kada kuma ka ce za ka mayar da su wani asusunka don ka adana. A idon mai bincike, wanda ya kwashe kuɗi daga asusun da suka sauka ya kai wani wuri, ɓoye su ya yi, ko me ya nufa a ransa. Haka in akwai bashin banki ko na manhajar rance da ake cira kai tsaye daga asusun, ka gaggauta sanarwa kafin na'ura ta yanki kuɗin mutane ta biya bashinka da su.

Za ka ji ana cewa ai tsintuwa ba sata ba ce. Ko tsintuwar gaske a shari'a amana ce a hannun wanda ya tsinta. Balle wannan, da sunan mai shi a rubuce a jikin alat, kuma banki ya san asusunsa da lambar wayarsa. Ba a kiran abu tsintuwa alhali ga hanyar kai wa mai shi a buɗe. Aya ta 188 a Suratul Baƙara ta hana mu cin dukiyar juna ba da haƙƙi ba, kuma kuskuren yatsa ba ya halatta dukiyar kowa.

Dokar ƙasa ma haka ta tsaya. A dokar final kod, wato kundin hukunta laifuffuka, wadda Jihar Kaduna ta sabunta tata a 2017, mayar da dukiyar wani taka da rashin gaskiya laifi ne, ko da ba kai ka je ka ɗauko ba. Hukumar EFCC ta sha gurfanar da mutanen da suka kashe kuɗin da banki ya zuba masu bisa kuskure. Kuma zamanin ɓacewa ya wuce. Tun 2014 da aka fara BVN, lamba ɗaya mai alƙaluma 11 ta ɗaure duk asusunka a kowane banki, da hotonka da zanen yatsunka. In aka sanya wannan lambar a jerin waɗanda ake sa wa ido, ba a banki ɗaya kaɗai za ka ji a jikinka ba.

Na uku, tara shaida

Ɗauki hoton alat, da hoton shafin manhaja da ke nuna shigowar kuɗin. Rubuta rana da lokaci a takarda. A bayanin kuɗin da aka turo daga wani banki akwai doguwar lamba mai alƙaluma 30, ita ce shaidar wannan turawar a kamfanin NIBSS da ke haɗa bankunan Najeriya, kuma da ita ake bin sawun kuɗi. In ka gan ta ka kwafe. Duk wanda ya kira ko ya turo saƙo kan maganar, kada ka goge, ka rubuta lambarsa da lokacin da ya kira.

Na huɗu, sanar da banki a rubuce

Faɗa wa ma'aikaci da baki a kan kanta ba sanarwa ba ce. Gobe ana iya canja masa reshe, ko ya manta, kai kuma ba ka da abin nunawa. Takarda ita ce za ta tsaya maka ranar da aka tambaye ka me ka yi da ka ga kuɗin.

In dare ne ko ƙarshen mako, ka fara da tura imel ko ka shigar da ƙorafi ta cikin manhaja, don a ga lokacin da ka yi magana. Lambar da za ka kira ita ce wadda ke bayan katinka ko a cikin manhajar. Kada ka nemi lambar banki a Facebook, shafukan bogi masu tambarin bankuna sun cika wurin. Ranar aiki ta farko kuma ka yi sammako zuwa reshe. Mu nan Zariya yawancin bankuna suna unguwar PZ, wasu a Samaru, kuma wanda ya isa da wuri yakan gama kafin azahar. Tafi da katin shaida, ka nufi teburin kula da kwastomomi, ba wurin biyan kuɗi ba.

Bankuna da Turanci suke aiki, saboda haka in ba ka iya ba ka sa wani amintacce ya rubuta maka, amma ka tabbatar ya karanta maka abin da ya rubuta. Abin da za ta ƙunsa bai da yawa:

"Ni wane, mai asusu lamba kaza, ina sanar da ku cewa ranar kaza da ƙarfe kaza naira kaza sun shigo asusuna daga wani mai suna kaza. Ban san shi ba kuma ba na tsammanin waɗannan kuɗi. Ban taɓa su ba. Ina roƙon ku riƙe wannan adadi kaɗai, ku bincika, in ya tabbata kuskure ne ku mayar da su asusun da suka fito, ku kuma sanar da ni a rubuce."

Ka lura da kalmar "kaɗai". Abin da kake so shi ne a riƙe adadin da ya shigo, sauran kuɗinka su ci gaba da aiki. Yi kwafi biyu, ka ba su ɗaya, su buga maka hatimi da kwanan wata a kan ɗayan. Sannan ka nemi lambar ƙorafi, domin Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna su ba mai ƙorafi lambar da zai bi sawun maganarsa da ita. In ma'aikaci ya ce "bar shi kawai, mai shi zai zo", ka yi masa magana da ladabi ka ce kana son a karɓi takardar. In ya ƙi, nemi shugaban sashen ko manaja.

Masu asusu a manhajojin da ba su da reshe a kusa su yi duk wannan ta cikin manhaja da imel, su ajiye hoton kowace amsa.

Na biyar, wanda zai kira ka

Zai kira. In lambar wayarka ce lambar asusunka, ai tana hannunsa. Ƙanina washegari da safe aka kira shi, namiji ne, murya na rawa. "Malam, don girman Allah ka taimaka. Kuɗin matata ne, mara lafiya gare mu a asibitin Shika, yanzu ake jiran kuɗin magani. Ga lambar asusun ƙanina, ka tura nan, ka cire dubu goma ka sha ruwa." Duk mai imani zuciyarsa za ta karaya da jin haka, kuma mai yiwuwa ne gaskiya mutumin ke faɗa. Matsalar ita ce ɗan damfara ma da irin wannan muryar yake kira, kai kuma ta waya ba za ka iya bambance su ba.

Ga yadda tarkon yake. Ɗan damfara ya tallata kayan da babu su a intanet, ko ya yi wa wani alƙawarin aiki. Da aka zo biya, sai ya ba da lambar asusunka, wadda ya kwafa daga allon shagonka ko wani rasit. Wanda aka cuta ya tura maka. Ɗan damfarar ya kira ka ya ce kuskure ne, ya faɗi adadin daidai da sunan daidai tunda shi ya shirya abin, ya ba ka wani asusu. Ka tura da kyakkyawar niyya. Bayan kwana biyu wanda aka cuta ya kai ƙara, aka bi sawun kuɗi, sawun ya tsaya a ƙofarka. A takarda kai ka karɓa, kai ka fitar. Haka ake yi da kuɗin da aka kwashe daga wayar da aka sace, kuma a jihar nan ba sai an yi wa kowa bayanin kuɗin fansa da hanyoyin da ake bi a ɓatar da sawunsu ba. Wannan ne ya sa faɗin kamannin kuɗi daidai bai isa hujja ba. Wanda ya kasa faɗa maƙaryaci ne, amma wanda ya faɗa daidai ma sai banki ya tantance shi.

Ko mai kuɗin na gaskiya ne, akwai wata asarar da ke jiran mai gaggawa. Mutumin da ya yi kuskure yakan ruga bankinsa ya shigar da ƙorafi kafin ya same ka a waya. Ka tura masa da hannunka, ya yi godiya, ya manta bai janye ƙorafin ba. Bayan kwanaki sai bankinka ya riƙe wannan adadin daga kuɗinka na halak, ka shiga zirga-zirgar nuna cewa ka riga ka biya.

Abin da na sa ƙanina ya faɗa wa mutumin shi ne: "Malam, Allah ya ba mara lafiyar sauƙi. Kuɗinku suna nan, ban taɓa ko naira ɗaya ba. Na riga na kai takarda bankina. Ita mai asusun ta je bankinta ta shigar da ƙorafi, ni kuma da an kira ni zan sa hannu a mayar." Mai gaskiya yakan ji zafi amma ya tafi banki. Maƙaryaci yakan koma zagi da barazana, ko ya ce shi jami'in tsaro ne, ko ya kashe waya ba ka sake jinsa ba. In ya ce ku haɗu, wurin haɗuwa ɗaya ne, cikin zauren banki da rana tsaka.

Kada ka tura zuwa asusun da ba shi ya turo ba. Kada ka cire tsabar kuɗi ka miƙa wa kowa. In kuma wani ya kira ya ce shi ma'aikacin banki ne, zai mayar da kuɗin amma sai ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, ko lambar sirrin katinka, ko BVN, kashe wayar. Banki ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu kafin ya mayar da kuɗi.

Akwai wuri ɗaya da nake sassautawa. In wanda ya turo ka san shi ido da ido, maƙwabcinka ne ko abokin cinikinka da lambarka ke ajiye a wayarsa ya danna bisa kuskure, kuna iya gamawa tsakaninku. A nan ma ka tura zuwa ainihin asusun da kuɗin suka fito, da sunan nan, adadin gaba ɗaya, ka rubuta a wurin bayani cewa mayar da kuɗin kuskure ne. Tambaye shi ko ya kai ƙorafi banki, in ya kai ya je ya janye. Ka ajiye rasit, shi kuma ya turo maka saƙo cewa ya karɓa.

Abin da ƙa'ida ta tanada

A 2018 Babban Banki ya fitar da ƙa'idar tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, kuma ta raba kuskure gida biyu. Yana da kyau ka san wannan don kada a razana ka, kada kuma ka yi mamaki.

In banki ne ya yi kuskuren, kamar ya tura sau biyu ko ya tura asusun da ba shi aka ce ba, yana da kwanakin aiki 14 ya nemi a mayar a rubuce. Bankinka kuma zai mayar cikin ranar aiki ɗaya ba tare da neman izininka ba, muddin kuɗin suna nan. In ba sa nan, za a sanar da kai ka cika, kuma in kwana 7 suka wuce ba ka cika ba sunanka zai shiga jerin waɗanda ake sa wa ido, ana kuma iya kai maganar ga hukuma.

In mai turawa ne ya yi kuskuren, bankinsa zai sanar da naka, naka ya riƙe adadin sannan ya nemi amincewarka kafin ya mayar. In ka ƙi amincewa, masu binciken cikin gida na bankunan biyu za su shiga tsakani cikin mako biyu. A aikace, in wanda kuɗi suka faɗa wa ya ƙi ba da haɗin kai, bankuna sukan ce wa mai kuɗin ya kawo umarnin kotu. Wannan yana nufin lauya, takardar rantsuwa, kuɗin mota da watanni na jira, a kan mutumin da laifinsa kawai yatsa ne ya zame. Sa hannunka ɗaya yana ɗauke masa duk wannan. Shi ya sa nake ganin yin shiru ma cutarwa ce, ko da ba ka taɓa kuɗin ba.

Ranar da aka kira ka sa hannu, karanta fom ɗin da kyau. Duba adadin, duba cewa asusun da za a mayar wa shi ne wanda ya turo, kada ka sa hannu a takardar da aka bar gurbi ba a cike ba. Karɓi kwafi.

In ka riga ka ci

Ba a rufe ƙofa ba, amma kowace rana tana ƙara nauyin abin. Dakatar da kashewa yanzu. Abin da ya rage ka bar shi a asusun, ka je banki da kanka kafin a neme ka, ka faɗi gaskiya a rubuce: ga abin da ya shigo, ga abin da na kashe, ga yadda zan cika. In za a yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan da mai kuɗin, a rubuta, da shaidu, kuma kowane biya ya bi ta banki. Kada ka kashe waya ko ka canja layi, wannan shi ke mayar da mai rauni ya zama mai laifi a idon kowa. In adadin babba ne ko an riga an kai ƙara, nemi lauya kafin ka rubuta bayani a wurin 'yan sanda. Sayar da babur ko karɓar rance a wurin dangi don a cika ya fi sauƙi a kan neman mai tsaya maka beli.

In banki ya yi shiru, ko ya kulle asusun gaba ɗaya

Yakan faru a kulle dukan asusu maimakon adadin da ake magana a kai, musamman in an yi zargin damfara a ɗaya ɓangaren. A nan takardarka mai hatimi take nuna amfaninta, domin ta nuna kai ka fara magana. Koma reshe da ita, ka nemi a faɗa maka dalilin kullewar a rubuce, da kuma ko umarnin kotu ne ko na wata hukuma. In umarnin kotu ne, banki ba zai buɗe da kansa ba, sai an bi ta kotun, kuma aikin lauya ne.

In kuwa jan ƙafa ne kawai, tsarin Babban Banki shi ne ka ba bankinka mako biyu. In suka wuce ba a warware ba, ka rubuta wa sashen kare haƙƙin kwastomomi na Babban Banki, ko ka kai takardar reshensu da ke Kaduna. Haɗa da kwafin takardarka ta farko, lambar ƙorafi, da bayanin abin da kake so a yi. Kada ka rubuta lambar sirrinka a ciki. Ba sa sauraron wanda bai fara kai wa bankinsa ba, shi ya sa hatimin ranar farko ke da muhimmanci.

In mai kuɗin bai bayyana ba

Wata ɗaya, wata uku, shiru. Daɗewa ba ta mayar da su naka. Sake rubuta wa banki ka tuna masu, ka nemi su tuntuɓi bankin da ya turo, tunda sun san shi. Kada ka yi saurin cewa za ka yi sadaka da su a madadin mai shi, domin in ya bayyana gobe kai zai bi, kuma sadakar ba za ta zama hujja a gaban banki ko kotu ba. In abin ya daɗe ƙwarai, ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa cikakken bayani, har da cewa akwai suna kuma akwai hanyar banki. Zariya ba ta rasa malaman da za su warware maka wannan.

Batun tukwici kuma, in mai kuɗin ya ba ka bayan sun koma hannunsa, da daɗin ransa, wannan kyauta ce. Amma ka yanke wani abu da kanka, ko ka ce sai an ba ka kaza kafin ka sa hannu, wannan cin dukiyar mutum ne a lokacin da ya fi kowa rauni.

Masu POS da 'yan kasuwar da lambar asusunsu ke manne a bango su suka fi shiga wannan haɗarin. Ku riƙa rubuta kowace shigowa da sunan wanda ya tsaya a gabanku. In baƙo ya ce za a turo masa kuɗi ta asusunku ku ba shi tsaba, ku dubi sunan mai turawa, ku tambayi alaƙarsu, ku rubuta lambar wayarsa. In adadin ya yi yawa kuma bayanin bai zauna ba, cajin da za ku samu bai kai wahalar da ke baya ba.

Na ƙanina, a rana ta tara banki ya kira shi. Matar ta je nata bankin ta shigar da ƙorafi, takardu suka haɗu, ya sa hannu, kuɗin suka koma asusun da suka fito da yammacin ranar. Kafin mu bar PZ na sa ya karɓi takardar bayanan asusunsa ta wannan watan, wadda ke nuna shigar 480,000 da fitarsu a shafi ɗaya, da hatimin banki a ƙasa. Ya haɗa ta da kwafin wasiƙarsa da fom ɗin da ya sa wa hannu, ya saka a leda, ya ajiye a akwatin da takardun shagonsa suke.